Inna a Bayan Mota Mai Ƙofa Biyu

Shekarun baya can, kafin furfura ta fara leƙo min a gemu, na taɓa mallakar wata jar mota mai ƙofa biyu. Duk wanda ya zauna a Gaya a lokacin zai iya tuna ta, don ita kaɗai ce irinta a garin, ni kuma ban bar kowa ya huta da ita ba. 'Yar Kwatano ce, ta ɗan kwana biyu a duniya, amma fentinta na sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Wani abokina da ke harkar motoci a Kano ne ya kira ni ya ce in zo in gani. Ta daɗe a wurinsu ba wanda ya taya, saboda mutanenmu ba sa son mota mai ƙofa biyu, shi ya sa kuɗinta ya sauko har inda malamin sakandare irina zai iya miƙa hannu. Ina ɗora ido a kanta na san an gama da ni.

A kwance take da ƙasa, tsakanin cikinta da kwalta bai fi taƙi guda ba, in ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Tayoyinta masu faɗi ne, giyar hannu gare ta, injin kuwa kana ɗan taɓa totur za ta yi gurnani ta zabura. A rufinta akwai gilashin da ake zugewa iska ta shigo, wanda a wurina shi ne ƙarshen wayewa. Kujerun gaba biyu na fata ne, masu rungume mutum. Na baya kuwa suna kawai suka tara, don sai an ja wani ɗan hannu a kafaɗar kujerar gaba ta kwanto ta matsa, sannan mutum ya sunkuya ya cusa kansa ciki. But ɗinta ko buhu guda ba ya ci.

Abokin nawa bai cuce ni ba, ya gaya min abu biyu kafin in karɓi makulli. Ya ce ɗan hannun kujerar direba ya karye, ba ta kwantawa, don haka ta ɓangaren fasinja kaɗai ake shiga baya, in nemi wani a kasuwar kayan gyara in sa. Ya kuma ce in riƙa lallaɓa ta a kan tudu da rami, saboda tankin manta a ƙarƙashin kujerar baya yake. Na ce masa to, to, kamar yadda ɗalibaina suke ce min. Da na samu sarari, maimakon hannun kujera sai na sayo sababbin sifiku.

'Yan majalisarmu suka raɗa mata suna motar marowata. Na yi ta musu ina cewa ba su san mota ba ne, amma a raina na san sun gano ni. A garinmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Da marar lafiya, da 'yan kai amarya, da mai zuwa ta'aziyya Kademi, duk ƙofarka za su tsaya. Ni kuwa da an zo sai in nuna musu ƙofa biyu in ɗaga kafaɗa, su tafi suna ba ni haƙuri. Na ɗauki wannan a matsayin wayo.

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma ita mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama kusa da ni. In tana da magana da ni sai ta gaya wa ƙanwata ta isar, in kuma ƙanwar tawa ba ta nan sai ta fuskanci bango ta faɗa, ni kuma in tsinta. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, haka muka taso muka ga ana yi. Matsalata ɗaya ce, ban iya tsintar magana ba, na fi gwaninta wajen zuba ta.

Wata ranar Asabar cikin kaka, ƙanwata ta ce min Inna na son zuwa Toranke duba yayanta da ya tashi daga jinya. Ta saba tafiya a motar kasuwa, amma na rantse ni zan kai ta. Gaskiyar magana, ba lada nake nema ba, so nake kawunnaina su ga motar. Da ƙanwata za a tafi, sai ɗanta ya kwana da zazzaɓi ta fasa. Haka muka rage daga ni sai Inna, karon farko a rayuwata da za mu yi tafiya mu biyu ba mai shiga tsakani.

Na buɗe mata ƙofar gaba, na goge kujerar da hannun riga. Ta tsaya ta dubi kujerar, ta dubi ta direba da ke manne da ita, sai ta kau da kai ta ce, “A buɗe bayan.” Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa bayan nan ba wurin babba ba ne, ga shi gwiwoyinta na ciwo, amma ko motsi ba ta yi ba. Na ja hannun, kujera ta kwanto, ta sunkuya da ƙyar ta shige tana bismillah. Muka isa Toranke lafiya.

A can kuwa na sha kallo yadda nake so. Kawunnaina da maƙwabtansu suka kewaye motar, ni kuma na zuge gilashin rufi na rufe ya fi sau goma, ina yi wa mutanen da suka wuni a gona bayanin gudun injin. Bayan azahar aka ci abinci, muka yi haramar komawa. Sai ga shi an jawo buhun sabon gero, cikakke, an ce na Inna ne. But ya ƙi shi. Maimakon in ce a aiko da shi a motar kasuwa, sai na ji kunyar a ce motata ta kasa ɗaukar buhu ɗaya. Na ce Inna ta fara shiga, aka cika gefenta da kabewa da ƙullin kuka da daddawa, sannan na tura kujerar gaba baya iyakar turuwa, har ta tokare mata gwiwa, ƙafafunta suka shige ƙarƙashinta. Ƙarti uku suka cusa buhun a kan kujerar, na zagaya masa bel na ɗaure, ina raha wai fasinjana ke nan.

Yayan nata da muka je dubawa yana zaune a kan tabarma yana kallonmu. Ya ce, “To ita ta ina za ta fita?” Na ce masa in mun isa gida akwai masu saukewa. Ya ce Allah ya tsare hanya.

A shekarun ne mutanenmu suka fara rungumar noman waken suya, kuma suka samo wa kansu dabarar bugunsa. In an yanke shi ya bushe da itacensa, sai a baza shi a kan kwalta da rana tsaka, motoci su bi ta kai su farfasa, da yamma a share a sheƙe. Direba ya taka musu a hankali ya wuce, su ɗaga masa hannu, shi ke nan an taimaki juna. Da safe da muka wuce ba a baza ba, raɓa ba ta gama bushewa ba. Da muka baro Ajingi da ɗan nisa sai ga shi an shimfiɗa shi ya cika hanya, da kauri, mutane na tsaye a gefe da sanduna masu baki biyu suna juyawa. Motocin kasuwa da tifa-tifa suna da tsayi, su aka yi wa wannan shimfiɗa. Ni ban yi wannan tunanin ba. Na ga mutane sun juyo suna kallon jar mota, sai na sauya giya na shige da gudu.

Na ji kakas-kakas a ƙarƙashinmu, sannan wani jan abu da bai daina ba. Ta madubi na hango na share musu hanya fes a tsakiyar shimfiɗar, wani dattijo ya bi mu da kallo ya saki sandarsa. Na ce a raina in ma wani abu ya maƙale zai faɗi da kansa. Ban tsaya ba.

Mun yi tafiya kaɗan sai na ji muryarta daga baya, ƙasa-ƙasa, tana fuskantar taga. Ta ce, “Kamar ana jin ƙauri.” Na shaƙa, na ji shi kuwa, amma nan take na samo masa uba. Na ce ai masu cirar gyaɗa ne suke gasawa a bakin gona. Don in nuna kulawa ma sai na ɗaga gilasai, na rufe na sama, na kunna esi, wai kada ƙaurin ya dame ta.

Can kuma ta sake cewa, “Ƙasan nan da ɗumi.” Allah ya yafe min, darasi na ɗauko mata. Na ce irin waɗannan motocin haka suke, salansa ta ƙarƙashi ta bi, injin mai ƙarfi dole ya yi zafi, a ƙasar da aka ƙera ta ma saboda sanyi suna son hakan. Ban san inda na samo wannan ba. Na ɗaga ido na dubi madubi, na ga ta jingina da jikin mota, ta runtse ido, leɓɓanta na motsi, carbi a hannunta. Na ɗauka gudun ne ya tsorata ta, sai na ɗan sassauta.

Sassautawar nan ce ta sa wani ɗan acaɓa ya cim mana. Ya taho a bayanmu yana ta hon yana ɗaga hannu. Na saba da su, da sun ga motar sai su nemi tsere. Na yi murmushi na taka totur, na bar shi a baya, har ina jin daɗin yadda ya zama ɗan mitsitsi a madubi. Wani rami da ya cinye rabin hanya ne ya tilasta min taka birki. Kafin in gama kauce masa mutumin ya iso, ya daki gilashina da tafin hannu, yana nuna ƙasa. Ban ji me yake cewa ba sai da na sauke gilashin.

“Malam, wuta ce a ƙarƙashinka. Tsaya.”

Ina tsayawa hayaƙin da iska ke kwashewa baya ya taso ya rufe mu. Na fito na durƙusa na leƙa. Wani dunƙulen itacen wake ne ya naɗe a ƙarƙashin motar tun daga tsakiya har baya, ya kama da wuta ja-wur, roba na narkewa tana ɗiga da wuta a jikinta. Daidai ƙarƙashin inda Inna take zaune. Maganar abokina a kan tankin mai ta faɗo min, kuma da safen nan na cika shi. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Na kama hannun kujerar direba na ja, ya juya a banza kamar yadda ya saba. Na ja da ƙarfi, ya ɓalle ya biyo ni. Na daki kujerar da ƙafa, na sa kafaɗa na tura, ko gezau. Na zaga da gudu na buɗe ɗaya ƙofar, ga buhu zaune daram, ya cika wurin. Na nemi maɓallin bel ɗin, buhun ya danne shi, hannuna ba ya kaiwa. Na rungumi buhun na ja, abin da ƙarti uku suka cusa da dabara, ni kaɗai ko motsa shi ban yi ba. Tagogin baya ƙanana ne masu kusurwa, ba sa buɗewa, ko an fasa su yaro ma ba zai wuce ba. Akwai tukunyar kashe wuta a but, amma ban ko nufe ta ba, don na san ba komai a ciki, na ajiye ta ne saboda masu tare hanya.

Ɗan acaɓan ya yar da babur ɗinsa yana kwasar ƙasa da hannu yana watsawa, yana ƙwala wa mutanen gona kira. Wurin ba gida ko ɗaya, gonaki ne hagu da dama, mutanen da ke ciki kuma da nisa. Hayaƙi ya fara fitowa ta cikin motar, baƙi, mai warin roba. Na ji Inna tana tari. Na hau kan kujerar direba da gwiwa na miƙa hannu ta tsakanin kujerun, ina cewa ta taho ta nan, alhali na san ba za ta iya ba, wurin ya yi ƙanƙanta, ƙafafunta kuma suna maƙale.

A nan ne ta ɗago ta dube ni. Ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Idanunta sun yi ja saboda hayaƙi, amma muryarta ba ta rawa.

“Ka fita ka ja baya daga jikin motar nan,” in ji ta. “Kana da ƙananan yara.”

Na ce, “Inna, ba inda za ni.”

“Na ce ka fita.”

Ban fita ba, kuma ban yi wani abin kirki ba. Na ci gaba da jijjiga kujera ina kuka kamar yaro, ina salati ina haɗa shi da maganar da ba ta da kai. A raina ina ƙirga abin da ya rage kafin wutar ta kai tankin, ina ganin yadda zan koma Gaya in tsaya a gaban ƙannena in ce musu na ƙona mahaifiyarmu saboda buhun gero da son a sani.

Wanda ya fara isowa daga gona wani magidanci ne, zai girme ni da kaɗan, da lauje a hannunsa. Bai tambayi komai ba. Ya dubi buhun, ya dubi bayan motar, ya sa laujen ya tsinke bel, sannan ya farke buhun tun daga sama har ƙasa. Gero ya kwararo kamar ruwa, ya cika ƙasan motar ya zubo kan kwalta har ya rufe mana ƙafa. Muka kama ragowar buhun mu biyu muka fizge shi waje. Na ja hannun kujerar, bayanta ya kwanto, amma ta ƙi matsawa gaba, gero ya cika layin da take bi. Abin da ya buɗe ɗan wuri ne, iyakar mutum ya shiga a karkace.

Na cusa kaina ciki. Zafin da ya dake ni a fuska ya sa na rufe ido, ban ga komai ba sai da na lalubo ta. Na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarta, sai na ji ta ƙame, ta ɗan ja jikinta baya. Har a cikin wannan hali kunya ba ta sake ta ba. Na ce, “Inna, ki gafarce ni,” na rungume ta na ja. Ƙafafunta suka ƙi fitowa. Na sake ja, ta yi wani ɗan nishi, na ji sun zare. Mai laujen ya kama ni ta ƙugu yana jan mu duka, zaninta ya maƙale a ƙarfen kujera ya yage, muka faɗo waje a kan tarin geron. Na ɗauke ta cak, ban san tana da rashin nauyi haka ba, na tsallaka titi da ita na kai ta gindin wata tsamiya na ajiye.

Kafin nan mutane sun taru, maza da mata. Masu galma na haƙo ƙasa, mata na kwasa da ƙwarya da tasa ana watsawa ƙarƙashin motar. Ɗan acaɓan ya samo wata doguwar sanda ya kwanta rub da ciki, ya yi ta zungurar dunƙulen har ya fito da shi yana ci, aka bi shi da ƙasa aka rufe. Ina tsaye ina jiran in ji ƙarar fashewa, kafaɗuna a ɗage, har hayaƙin ya koma fari ya mutu. Tankin bai kama ba. Da na tabbata an gama sai na zauna a ƙasa, wani ya miƙo min ruwa.

Inna kuwa ta gyara mayafinta, ta lulluɓe ƙafafunta da ragowar zanin, ta koma yadda na san ta. Matan suna ta yi mata barka tana amsawa. Abin da ta roƙe su shi ne a taimaka a kwashe geron, kada a bar abinci a ƙasa ana takawa. Aka kwashe abin da ya kwasu a wani buhun taki. Da motar kasuwa ta zo matan suka kewaye ta suka kai ta ciki, ni kuma na tsaya neman wanda zai ja tawa. Ko sau ɗaya ba ta sake duban inda nake ba. Na tambayi ɗaya daga cikin matan ko ta ji ciwo, ta ce ta ce musu lafiyarta ƙalau. Na yi hamdala, na yarda, saboda abin da nake son ji ke nan.

Washegari ina garejin makanike a Gaya, ana duba ɓarnar. Wayoyi sun ƙone, robobin ƙasa sun narke, makaniken ya ce wutar ta lashi jikin tankin har fentinsa ya tashi. Da aka kwance kujerar gaba aka fitar, sai ya kira ni ya nuna min ƙasan. Silifas ɗin Inna ne, ƙafa biyu, a jere yadda ta ajiye ƙafafunta, sun narke sun manne da shimfiɗar motar. Ana ganin gurbin yatsunta a jiki. Sai da ya sa ƙarfe ya ɓamɓaro su.

Ban san yadda na isa gida ba. Na tarar da ƙanwata a tsakar gida, tana ganin fuskata ta san na sani. Ta ce tun jiya ta gani, tafin ƙafafun duka biyu sun tashi, na hagu fatar ta saɓule, Inna ta shafa zuma ta ɗaure da tsumma ta ce kada a gaya min. Ranar muka kai ta asibiti. Ta yi makonni ba ta taka ƙasa ba.

A cikin jinyar ne ƙanwata ta tambaye ta abin da ni ba ni da bakin tambaya. Ta ce mata, Inna, kina jin ƙafarki na ƙuna, me ya hana ki yi magana? Daga baya ta kawo min amsar yadda aka ba ta. Inna ta ce ai ta yi magana, har sau biyu, aka ce mata haka motar take, ita kuwa me ta sani game da mota. Ƙanwata ta ce ai da sai ki ɗaga murya ki ce ya tsaya. Inna ta ce, “Tun safe nake ganin bakinsa bai rufu ba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ban so a ce ni ce na fara gano wa motarsa aibu.”

Na gyara motar na sayar, kuma na zaunar da wanda ya saya na gaya masa komai, ya saurare ni ko bai saurara ba, oho. Ban ga laifin motar ba, ba a ƙera ta don hanyarmu da buhunanmu da iyayenmu ba, ni ne na kai ta inda ba wurinta ba. Masu baza wake ma ban ga laifinsu ba, na koma na nemi dattijon nan na ba shi haƙurin ɓarnar da na yi masa. Ɗan acaɓan da mai laujen kuwa har yau muna zumunci, kuma duk lokacin da ɗan acaɓan ya gan ni sai ya tambaye ni ko za mu taɓa tsere.

Abin da ya zauna min a rai shi ne, ni malami ne, aikina ke nan in gane yaron da bai fahimta ba ko da bai ɗaga hannu ba, amma mahaifiyata ta gaya min tana ƙonewa da iyakar ƙarfin da al'adarta ta ba ta, na mayar mata da bayani. Mutanenmu na da ba sa faɗin ciwo da girmansa, sukan rage shi su miƙo maka ɗan kaɗan, kai ne za ka auna sauran. Yanzu in ta fuskanci bango ta ce kamar ana jin sanyi, ba na tsayawa neman dalili, mayafi nake aikawa a ɗauko, in kuma sa ƙanwata ta taɓa jikinta ta ji ko zazzaɓi ne. Har yau in ina tuƙi na ji ƙaurin wani abu, ko masara ake gasawa a bakin titi, sai gabana ya faɗi, in gangara in tsaya in leƙa ƙasan mota. Yarana sun mai da abin wasa, ban hana su ba.

Inna na nan da ranta, alhamdulillahi, kuma ba ta sake kallona ido cikin ido ba tun daga ranar. Ƙafar ta warke, sai dai ta hagu ba ta taka ta sosai, tana ɗan jan ta. In na je gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, tun kafin ta fito nake jin tafiyarta daga cikin ɗaki, taku ɗaya da ƙarfi, ɗaya a hankali. Jikokinta sun ɗauka tsufa ne, ita ma haka take gaya musu. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in jira ta ƙaraso.